Fatar Yara a Hunturu: Wanka, Shafa Mai da Kurakuran da Ke Ƙara Ƙaiƙayi

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, ƙwaurin yara ne ke fara ba da labari. Ki ja farce a kai, sai farin layi ya fito kamar an zana da alli. Kafin a yi mako kumatu sun yi furu-furu, leɓe ya tsage, dunduniya ta fara kaushi, da dare kuma yaro ya kama susa har ya ji wa kansa ciwo. Iskar daga Sahara take tasowa ta arewa maso gabas, kuma kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na arewacin Chadi yake fitowa. A Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi ko Damagaram, danshin iska da rana a Janairu da Fabrairu kan faɗi ƙasa da kashi 15 cikin ɗari, alhali fata ta fi sakewa idan danshin yana tsakanin kashi 40 zuwa 60. Iska mai ƙishi irin wannan duk inda ta ga ruwa sai ta zuƙe shi, ko a tulu, ko a shanya, ko a jikin yaro.

Saman fata kamar ginin tubali yake. Busassun ƙwayoyin fata su ne tubalin, wani maiƙo da jiki ke yi da kansa shi ne lakar da ta riƙe su. Muddin lakar nan tana nan, ruwan jiki ba ya tsiyayewa waje, ƙura da ƙwayoyin cuta kuma ba sa samun hanya. Ruwan zafi, sabulu mai ƙarfi da soso su ne ke wanke lakar, iskar hunturu ta ƙarasa sauran aikin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ta waɗannan ƙananan tsagogi ne turare, ƙura da ragowar omo ke kutsawa su tayar da ƙaiƙayi. Ginin yaro kuwa, musamman ɗan ƙasa da shekara biyu, bai yi kaurin na babba ba, ruwa ya fi saurin fita daga cikinsa, abin da aka shafa masa kuma ya fi saurin shiga jini.

Ga abin da ya kamata a riƙe tun daga farko: man shafawa irin su basilin da man kaɗanya ba sa ba fata ruwa, tsare wanda ke ciki suke yi. Shi ya sa za ki ga an lafta wa yaro mai yana sheƙi, bayan awa biyu ya koma fari fat. A busasshen jiki aka shafa, babu ruwan da man zai tsare. Lokacin da aka shafa mai, da abin da aka yi wa fatar a wurin wanka, sun fi tsadar man muhimmanci.

Wanka

Sau ɗaya a rana ya isa a wannan lokaci. Jaririn da bai fara rarrafe ba ma, wanka sau biyu ko uku a mako ya wadatar da shi, in dai ana goge masa fuska, wuya, hammata, matsematsi da ɗuwawu kullum da tsumma mai laushi da ruwan ɗumi. Al'adar wankan safe da yamma da ruwa mai tururi tana da ƙarfi a gidajenmu, musamman idan kaka ce ke riƙe da bahon, kuma ba a raba ta da shi da gardama. Abin da ya fi aiki shi ne a roƙe ta da lalama: "Inna, a bar masa na hantsi kawai har sanyin nan ya wuce, da yamma a goge shi." Hantsi ya fi dacewa domin rana ta ɗan ɗaga, ɗaki ya yi ɗumi, ba za a ji buƙatar ƙara zafin ruwa ba. Ɗan makaranta da ke fita da sassafe, gara a mayar masa da cikakken wanka zuwa bayan ya dawo, lokacin da ƙura ta riga ta hau shi. Da safe ya wanke fuska, hannu da ƙafa, a shafa masa mai.

Zafin ruwan ya zama daidai da ɗumin jiki, kusan digiri 37. A fara zuba ruwan sanyi a baho sannan a surka da na zafi, ba akasin haka ba; yara da dama sun ƙone ne a ɗan tsakanin nan da aka juye tafasasshen ruwa aka juya ɗauko na sanyi. A gwada da gwiwar hannu, domin tafin hannun mai aikin gida ya saba da zafi, zai yaudare ta. Idan gwiwar ta ji ɗumi kawai ba ta ji zafi ba, ya yi. Minti 5 zuwa 10 ya isa. Fiye da haka maiƙon fata ya fara narkewa, kamar yadda ruwan zafi ke cire kitse a kwano.

Sai sabulu. Lafiyayyar fata tana da ɗan tsami, a ma'aunin pH tana kusa da 5.5. Sabulu na yau da kullum kuwa yana ɓangaren kanwa ne, tsakanin 9 zuwa 10. Sabulun salo ma, duk da sunan da ya yi na kayan gargajiya, da toka ake haɗa shi, don haka shi ma a ɓangaren kanwa yake, kuma ƙarfinsa ya bambanta daga wannan mai haɗawa zuwa wancan. Ga babba mai maiƙon fuska yana da amfani; ga jariri mai busasshiyar fata a Janairu, ba shi ba ne. Sabulun wanki, omo, sabulun kashe ƙwayoyin cuta, da ɗiga Dettol a ruwan wanka, duk a ajiye su. Ba a yi su don wankan kullum na yaro ba, kuma suna daga cikin abubuwan da suka fi jawo ƙaiƙayin da ake rasa dalilinsa. A nemi abin wanka marar ƙamshi wanda aka rubuta pH 5.5 a jikinsa. In babu, a yi amfani da sabulu mai sauƙi kaɗan, a wuraren da ke tara datti kaɗai: wuya, hammata, matsematsi, hannuwa da ƙafafu. Ciki, baya, cinya da ƙwauri ruwa zalla ya ishe su mafi yawan ranaku. Inda ruwan rijiya ko na burtsatse ke da zartsi, sabulu ba ya kumfa sosai, sai a yi ta ƙarawa, ragowarsa kuma ta maƙale a fata. A irin wannan wuri a rage sabulun, a ƙara ɗauraya.

Soso, ko na raga ko na gargajiya, a rataye shi sai zafi ya dawo. Furu-furun da ake gani ba dauɗa ba ce, fata ce da ke ɓarewa saboda ƙishi; dirza ta yana ƙara buɗe tsagogin ne. Tafin hannu ya isa.

In an fito, kada a goge jiki. A naɗe yaro a tawul, a riƙa dannawa a hankali har ruwan ya daina ɗiga amma fatar tana da sauran laima. Lungunan da fata ke haɗuwa, irin su wuya da matsematsi, su ne kawai za a tsane sosai. Daga nan akwai kamar minti uku kafin iska ta kwashe laimar. Don haka man ya kasance a buɗe a gefe tun kafin a fara wankan, ba sai an fito a fara neman inda aka ajiye shi ba.

Wane mai, nawa, kuma yaya

Man shafawa kashi uku ne gwargwadon ruwan da ke cikinsu. Loshan, wanda ke zuba daga kwalba, ruwa ya fi yawa a cikinsa. Yana da daɗin shafawa amma a tsakiyar hunturu ba ya kai azahar. Kirim na cikin roba mai faɗin baki ya fi kauri, shi ne ya dace da rana. Sai masu maiƙo zalla, basilin da man kaɗanya, waɗanda suka fi kowanne tsare ruwa. Basilin yana hana fitar ruwa daga fata da fiye da kashi 95 cikin ɗari, ba ya raɗaɗi a kan tsagewa, kuma da wuya a samu yaron da jikinsa ya ƙi shi. Sharaɗin dai ya zama fari, marar ƙamshi, a rufaffen mazubi mai lambar NAFDAC. Wanda ake aunawa a kasuwa, an rina shi kore ko ruwan hoda an zuba masa turare, ba a san abin da ke cikinsa ba.

Man kaɗanya namu ne, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwarar kaɗe, daga jihohin Neja, Kwara da Kebbi ake samun mai yawa. Na kirki launinsa tsakanin fari da ruwan ƙwai, warinsa na hayaƙi-hayaƙi, kuma yana narkewa da an murza shi a tafi. Wanda ya yi warin tsami ko ɗaci ya lalace. Wanda ke da tsakuwa-tsakuwa ko baƙin ɗigo yana buƙatar tacewa. A sanyi yakan daskare ya yi tauri kamar sabulu, sai a ga uwa tana kankara da farce tana dirza wa yaro, abin da ke ƙara wa fatar rauni. Ga yadda za a sassauta shi: a zuba cokali 4 na cin abinci a kwano mai tsabta, a ɗora kwanon a cikin ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, har ya narke. A tace da tsumma mai tsabta, a zuba cokali 2 na man kwakwa, a juya, a bar shi ya huce ana juyawa lokaci-lokaci. Zai tsaya da laushi ko da asuba. Kada ɗigon ruwa ya shiga ciki, domin ruwa ne ke sa shi fumfuna. A yi kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare cikin wata guda.

Man kwakwa zalla, wanda ake rubuta virgin a jikinsa, yana da madogara. Wani gwaji da aka wallafa a 2014 daga ƙasar Filifin, a kan yara masu kircin gado, wato ciwon bushewar fata da ƙaiƙayi mai yawan dawowa, ya nuna ya fi man ma'adini (mineral oil) rage ciwon cikin makonni takwas. Man zaitun kuwa, duk da darajar da yake da ita a wurinmu, labarinsa a kan fata ya sha bamban. A binciken da aka yi a Jami'ar Sheffield ta Ingila a 2013, shafa shi kullum na tsawon makonni huɗu ya raunana saman fata har ga waɗanda ba su da wata larura, saboda yawan wani sinadarin maiƙo da ke cikinsa mai sassauta lakar nan da aka ambata. A ci shi, amma kada a mayar da shi man shafawar jariri mai ƙaiƙayi. Man gyaɗa ma a guje shi a kan fatar da ta tsage ko take kirci, domin an danganta shigarsa ta raunanniyar fata da kamuwa da borin gyaɗa daga baya, wato jikin yaro ya riƙa ƙin gyaɗa in ya ci.

Gilisarin yana jawo ruwa zuwa saman fata, amma in an shafa shi zalla a busasshiyar iska sai ya yi danƙo, ya yi raɗaɗi, ƙura ta manne. A ɗiga uku ko huɗu a jiƙaƙƙen tafi, a shafa, sannan a rufe da mai mai kauri. Akwai kuma wani farin kirim mai araha da ake kira aqueous cream. Yawancinsa na ɗauke da sinadarin kumfa mai suna sodium lauryl sulfate, wanda in an bar shi a jiki yana ƙara sa ƙaiƙayi. A duba bayan roba. Haka nan duk man da aka ga fragrance ko parfum a jerin abin da ke cikinsa, ko da an zana hoton jariri a gaba, ba na yaro mai saurin ƙaiƙayi ba ne.

Yawan da ake shafawa galibi ya yi kaɗan. A kowace shafawa ta jiki duka, jariri yana buƙatar kimanin cokalin shayi ɗaya, ɗan shekara biyar cokali biyu, ɗan shekara goma cokali uku. Sau biyu a rana shi ne mafi ƙaranci, bayan wanka da kafin barci. Fuska, hannu da ƙwauri a ƙara musu da rana. A shafawar da ba ta biyo bayan wanka ba, a fara shafa jiƙaƙƙen hannu a wurin. Yaron da ke da kirci a jiki da yawa yakan cinye giram 250 zuwa 500 a mako, kuma wannan ba ɓarna ba ce, adadin da likitocin fata ke rubutawa ke nan. In robar giram 250 ta yi wa irin wannan yaro wata biyu, to ba a shafawa yadda ya kamata.

A ɗebo da cokali mai tsabta, ba da yatsa ba, don kada a mayar da ƙwayoyin cuta cikin robar; kowane yaro mai ƙuraje kuma a ware masa tasa. A narkar da man a tafi, a ɗiga shi wuri-wuri, sannan a shafa a hankali ta inda gashi ya kwanta, daga kafaɗa zuwa hannu, daga cinya zuwa ƙafa. Murzawa sama da ƙasa da ƙarfi tana tura mai cikin ramukan gashi ta haifar da ƙananan ƙuraje, zafin gogayyar kuma ya tayar da susa. Sabon mai kuwa, a gwada shi a cikin damtse sau biyu a rana na kwana biyu ko uku kafin a shafa a jiki duka.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron da aka san hunturun bara ya wahalar da shi, a fara masa wannan tsari tun ƙarshen Oktoba, da ruwa ya ɗauke.

Tufafi, ɗaki da wuta

Abin da ke taɓa fata ya zama auduga. Rigar sanyi ta ulu ko ta roba a ɗora ta a kan ta audugar, domin zarenta yana sukar fata. Kayan gwanjo da sababbi duk a wanke kafin a sa. A rage omo, a ɗauraye sau biyu, kada a turara kayan yaro da turaren wuta, kada a shafa masa humra. Kafur da ake jefawa a akwatin kayan jarirai yana da haɗari na daban: jarirai maza da yawa a Najeriya ana haifarsu da ƙarancin sinadarin G6PD mai kare jajayen ƙwayoyin jini, kuma kafur na iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Man zafi masu mentol, da hoda mai sanyi, su ma ba na jarirai ba ne. Hoda ma gaba ɗaya busar da fata take yi, ƙurarta kuma tana shiga huhu.

Jibga kaya shi ne ɗaya kuskuren. Da asuba sanyi, da azahar rana ta buɗe, yaro yana nan cikin riga uku da hula da safa, zufa ta taru a wuya da baya, sai ga ƙurajen zafi a tsakiyar sanyi. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce riga ɗaya fiye da abin da babba ya sa. A sa hannu a ƙeyarsa: in akwai gumi, a rage.

Don ƙara danshi a ɗaki, na'urar tururi ta fi, in akwai wuta, amma a sauya ruwanta kullum a wanke ta, in ba haka ba ita ce za ta riƙa fesa fumfuna. In babu, jiƙaƙƙen tawul a rataye kusa da gado yana ɗan taimakawa. Kaɗan ne, amma ya fi babu. Bahon ruwa a ƙasa kuwa kada a ajiye shi inda mai rarrafe zai kai. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kayan ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa.

Wuta tana buƙatar magana ta musamman. Zanen gado da rigar barcin da suka sha basilin ko wani mai suna kama wuta nan take, kamar lagwani, kuma wanki ba ya fitar da man gaba ɗaya. Yaron da aka shafe da mai kada ya zauna jin ɗumi dab da murhu, kasko, kyandir ko maganin sauro na kunnawa. Zafin garwashi ma kansa busar da ƙwauri yake yi. Kwana da garwashi a rufaffen ɗaki kuwa ya wuce batun fata, yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutane cikin barci.

Leɓe, hanci, hannu da ƙafa

Yaro yana lasar leɓe don ya ji sauƙi, miyau ya bushe ya tafi da sauran danshin, sai wani baƙin zobe ya zagaye bakin. Basilin kaɗan sau huɗu ko biyar a rana, musamman kafin cin abinci mai yaji ko lemu da kafin barci, shi ne maganin. Kada a ɓare ɓawon. Mai fitar haƙori da ke dalala, da mai mura da majina ta ci masa ƙasan hanci, a shafa musu basilin a haɓa da saman leɓe tun kafin wurin ya yi ja, a riƙa dannawa da tsumma mai laushi maimakon gogewa.

Haɓo yana yawaita domin cikin hanci ma fata ce, tana tsagewa. A zaunar da yaro, ya sunkuyar da kai gaba kaɗan, a matse tattausan ɓangaren hancin minti 10 cur ba tare da saki ana leƙawa ba. Ɗaga kai sama da aka saba yi tura jinin yake yi zuwa maƙogwaro. In an yi haka sau biyu bai tsaya ba, sai asibiti. Ɗan basilin a bakin ƙofar hanci da dare yana rage dawowarsa.

Yaran da suka fara salla suna alwala sau biyar, wasu ga wanke-wanke da wanki. Duk jiƙewa da bushewa a iska yana ƙara tsaga hannu da ƙafa, don haka a ajiye ƙaramar robar mai kusa da buta. Don kaushi da faso, a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10 da dare, a tsane, a cika tsagogin da basilin, a sa safar auduga a kwana da ita. Kwana huɗu zuwa bakwai a jere ana ganin bambanci. Dutsen goge kaushi sai ga manyan yara, a hankali, kuma ba a kan fason da ya buɗe ba. Reza ba ta da wuri a nan. Takalmi rufaffe da safa zuwa makaranta sun fi silifa.

Sabon haihuwa

Farin maiƙon da ake haifar jariri da shi kariya ce, ba ƙazanta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko zuwa awa 24, a goge shi kawai a naɗe. Saɓar da yake yi a hannu da ƙafa cikin mako biyu na farko ba ciwo ba ce. A cibiya kada a shafa mai, man goge baki ko wani abu, sai maganin chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti. Kuma bushewar leɓe ba dalilin ba shi ruwa ba ne: ɗan ƙasa da wata shida nono kaɗai, a ƙara yawan shayarwa, domin kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne. Manyan yara a riƙa tuna musu shan ruwa, tun da sanyi na ɓoye ƙishi, masu sikila ma sun fi kowa buƙatar hakan tare da ɗumi. Sai dai shan ruwa shi kaɗai ba ya gyara fatar da ta riga ta tsage.

Idan abin ya wuce bushewa

In an yi mako biyu ana bin wannan tsari ƙaiƙayi bai lafa ba, wataƙila kircin gado ne, wanda likitoci ke kira atopic dermatitis. Yakan bi gidajen da ake da asma ko yawan atishawa. A jarirai yana fitowa a kumatu, kai da bayan hannuwa. A manyan yara yana komawa lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa, wuya da wuyan hannu. Hotunan intanet suna nuna shi ja, amma a baƙar fata ba haka yake ba: wurin yakan yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri, ko ya fito da ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki. Bayan ya warke yakan bar fari ko baƙin tabo na watanni, wanda ke komawa da kansa. Wani ruɗani kuma: abin da ake kira eczema a kemis da kasuwa galibi ƙyasbi ake nufi, wanda naman gwari ne ke kawo shi, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Fararen tabo marasa kaifin gefe a kumatun 'yan makaranta a hunturu yawanci bushewa ce kawai, mai suke so.

Kircin da ya tashi yana buƙatar maganin shafawa mai sitiroyid, wani sinadari da ke kwantar da kumburi da ƙaiƙayi, kuma ba abin tsoro ba ne in likita ya zaɓi wanda ya dace. Ga yara yawanci hydrocortisone 1% ake farawa da shi, sau ɗaya ko biyu a rana na kimanin mako guda, a wurin ciwon kaɗai. Ma'auninsa shi ne a matso daga kan yatsan manuni na babba zuwa gaɓar farko. Wannan kusan rabin giram ne, yana rufe faɗin tafin hannun babba biyu. A bar kamar rabin awa tsakaninsa da man shafawa, kuma kada a daina man don an fara magani.

Abin tsoron shi ne kirim mai haɗi uku, irin su Funbact-A, da ake matsewa cikin man jariri don ƙuraje ko don "ya yi haske". Duk wanda aka ga betamethasone ko clobetasol a kwalinsa sitiroyid ne mai ƙarfi. Kwana uku fata ta yi sumul, uwa ta yi murna, amma an gudu gara ne an faɗa gidan zago. Watanni kaɗan fatar ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, fuska ta kumbura, girma ya ja baya. In an daina, ƙurajen su dawo fiye da da. A ƙarƙashin famfas ya fi shiga jini saboda wurin a rufe yake. Yaron da aka daɗe ana shafa masa a jiki duka, kada a yanke masa rana ɗaya, a kai shi likita ya tsara yadda za a janye. Kada kuma a hana yaro ƙwai, madara ko kifi bisa zaton su ne ke tayar da kircin. An fi samun tamowa ta wannan hanya fiye da waraka.

Kafin a ga likita, a yanke farce, a ɗora tsumma mai sanyi a wurin da ke ƙaiƙayi minti biyar, a sake shafa mai, a sa wa ƙarami riga mai dogon hannu da dare.

Akwai cututtukan da mai ba zai taɓa yi musu komai ba. Ƙaiƙayin da ke tsananta da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu da cibiya, wasu a gidan ma suna susa, ƙazuwa ce; sai an yi wa kowa magani rana ɗaya, an wanke kayan kwanciya da ruwan zafi an shanya a rana. Zagayayyen tabo mai tudun gefe makero ne. Ƙora a kai, mai cinye gashi, sai maganin sha na makonni shida zuwa takwas, na shafawa ba ya kai wa saiwar gashin, kuma a ware wa yaron abin askinsa da matajinsa.

A tafi asibiti a ranar idan wurin ya fara tsiyayar ruwa, ya yi ɓawo ruwan zuma, ko mugunya, ko ya kumbura yana zafi. Haka idan ƙananan ƙuraje masu ruwa iri ɗaya suka feso a kan kirci tare da zazzaɓi, musamman kusa da ido. Ƙuraje tare da zazzaɓi, tari da jan ido na iya zama ƙyanda, wadda lokacinta ke nan. Fatar da ke saɓulewa kamar tsohon fenti, ga kumburin ƙafa da gashi ya yi ja ya yi laushi, alamar tamowa ce mai tsanani. Jariri ɗan ƙasa da wata uku kuwa, duk ƙurjin da ya zo da zafin jiki ko ƙin kama nono, ba a kwana da shi a gida.